Fasfona da Cinikin Majefi

Mutumin da ya fara yi mini Hausa a Alkahira shi ne ya cuce ni. Ustaz Rabi'u ake ce masa. A filin jirgi ya tarye ni, cikin watan Oktoba na shekarar 2011, sanye da jallabiya ruwan toka, ƙamshin turarensa na riga shi isowa. Ya rungume ni kamar mun daɗe da sanin juna, ya ce, "Mansur ko? Sannu da hanya. Yaya mutanen Malumfashi?" Tun daga gida aka haɗa mu, aka ce yana samo wa ɗalibai gurbin karatu. Saboda maganarsa ce Inna ta sayar da gonar fadamar da Baba ya bar mana.

Muna cikin tasi ya miƙo hannu. "Kawo fasfonka, gobe in kai jami'a a yi maka rajista. Nan ba a yawo da fasfo, gari bai zauna ba tukuna."

Na zaro na ba shi, har da godiya. Sai da na yi wata ashirin da biyu ban sake riƙe shi ba.

A Ard al-Liwa ya sauke ni, unguwar da benaye suka matsu har rana ba ta sauka ƙasa sai da azahar. Ɗakinmu yana hawa na shida, mu huɗu a ciki. Babbanmu Isufu, tela ne mutumin Maraɗi, ya ba arba'in baya. Ya dube ni, ya dubi akwatina, ya ce, "Kai ma na Rabi'u ne?" Na ce e. Sai ya ja katifarsa gefe ya zuba mini shayi.

Wata uku ina bin Ustaz Rabi'u zuwa shagonsa na turare a Wustul Balad, can tsakiyar birni, kullum amsa ɗaya, wai sai gobe: "Bukra, in sha Allahu." Ran nan dai ya gaji da ni, ya rufe ƙofar shago, ya ce takarduna ba su karɓu ba. Amma wai akwai hanya. Gidaje uku a garinmu suna jiran su ji daga bakina kafin su turo 'ya'yansu, cikinsu har da gidan Kawu Sule, ƙanen Inna. In buga musu waya, in ce karatu na tafiya daidai, in yabe shi. Ranar da yaran suka sauka, ranar zai ba ni fasfona.

"In na ƙi fa, Ustaz?"

"To ka je ofishin jakadanci, ko wajen 'yan sanda. Bizarka ta mutu. Kurkuku za ka fara kwana, sannan a sa ka a jirgi da ankwa, mutanen garinku su zo kallo."

Na yarda da shi, don ban san kowa ba, ban san komai ba. Wayar da yake so ban yi ta ba, amma na yi wata ƙaryar. Duk Juma'a nakan kira Inna in ce karatu alhamdu lillahi, sai dai a faɗa wa Kawu ya dakata, gurbi ya cika bana.

Na kama aikin tallan tukunyar gas. Muna tura keke, muna ƙwanƙwasa tukunya da sifana, in aka leƙo daga sama aka kira, ni ne mai saɓawa a kafaɗa in hau bene. Sanyin Janairu ya farfasa mini hannu. Mai sayar da ful, dafaffen waken Masar, a bakin layinmu bai taɓa tambayar sunana ba, "Ya Samara" yake ce mini, wato baƙar fata, amma kullum sai ya ƙara mini ludayi ɗaya ya ɗora burodi biyu a kai. Wani lokaci ina tsakiyar hawa bene sai ƙamshin soyayyar albasa ya fito daga wani gida, in tsaya da tukunya a kafaɗa, in ga tsakar gidanmu sarai, har da turmin da ke jingine a bakin madafa.

Isufu ne ya fitar da ni daga wannan aikin. Ya je Ma'adi rataya labule a wani gida, ya dawo yana murna. "Ɗan Najeriya, Turancin nan naku zai yi rana. Akwai wani tsohon Bature da idonsa ya mutu, ana neman mai karanta masa takardu."

Ranar da na fara sauka daga jirgin ƙasa a Ma'adi na ɗauka wata ƙasar na shiga. Itatuwa sun rufe titi, ba hon, ba ihu, har kukan tsuntsu ana ji. Matar gidan, Madam Nadiya, Bamisriya ce, tana koyarwa a wata makaranta a unguwar. Ta nemi takarduna, na miƙa mata kwafin fasfo da ya ƙoƙe a aljihu. Ta dube shi, ta dube ni, ta mayar mini, ta kai ni wurin maigidan.

Mijinta, Mista Harold, Ba'amurke ne dogo, ya haura saba'in, ciwon suga ya cinye masa gani sai inuwa-inuwa. Shekara arba'in ya yi yana yawo ƙauye-ƙauye yana farauto wa wani babban kulob 'yan wasan besbol. Ya yi ritaya ya biyo matarsa garinsu, amma kulob ɗin bai sake shi ba, ana aiko masa da rahotanni ana neman shawararsa. Ya miƙo mini wata takarda ya ce in karanta. Na gyara murya na karanto ta tiryan-tiryan, ban fahimci ko kalma goma ba.

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Ban taɓa jin an karanta besbol kamar huɗuba ba. Na ɗauke ka."

Wasan ba shi da wuyar ganewa in an sami mai haƙuri. Mutum ɗaya yana tsaye a kan ɗan tudu yana jefa ƙwallo, wani yana gabansa da kulki yana ƙoƙarin make ta. Mai jifan, wanda ni da Isufu muka raɗa wa suna majefi, shi ne ran wasan. Zagaye tara ake yi kafin a tashi. Kowane kulob yana da manyan majefa biyar masu buɗe wasa, kowa da ranarsa, ya yi jifa yau ya huta kwana huɗu. Kakar wasa kuwa doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, kusan kullum ana fili. In ɗaya cikin biyar ɗin ya karye, kulob ya shiga uku.

Na zama idon Mista Harold. Ina sa masa bidiyo, shi yana sauraron ƙarar faɗawar ƙwallo cikin safar hannun mai cafkewa a bayan mai kulki, ni ina faɗa masa abin da na gani. "Lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ina gwiwar hannunsa take? Sama da kafaɗa ko ƙasa?" In na ce ban lura ba, sai ya ce, "Yalla, maimaita." Larabcinsa duka bai wuce kalma biyar ba, kuma ba ya ajiye ko ɗaya a inda ya dace. Yakan ce "ma'alish", wato yi haƙuri, in an ba shi shayi. Har yau in na tuna ɗakin nan, da fankar da ke juyawa a hankali, da ƙamshin bishiyar lemon da ke leƙowa ta taga, sai in ji kamar in buɗe ido in gan ni a can.

Shi ya koya mini cewa watan Yuli watan ciniki ne. Kaka ta raba tsakiya, kowane kulob ya san matsayinsa. Masu hangen kofi su zama masu saye, waɗanda suka fid da rai su zama masu sayarwa, kuma ranar ƙarshe ta watan ake rufe kasuwa. Ba da kuɗi ake biya ba, da mutane ake biya. Ka ba ni gwanin majefinka, in ba ka matasa biyu ko uku daga cikin waɗanda nake reno a ƙananan kulob-kulob ɗina.

"Me zai sa mutum ya rabu da gwaninsa?" na tambaye shi.

"In kwantiraginsa zai ƙare a Oktoba, tafiya zai yi ko ana so ko ba a so. Yau yana da daraja. Ranar ɗaya ga Agusta kuwa, mai shi ya riƙe abin da zai suɓuce masa a banza. Mai saye yana tsoro, mai sayarwa yana tsoro. Aikina in gano wanda ya fi jin tsoro."

Kakar farko kallo na yi. A ta biyu, cikin Yulin 2013, abin ya zo kanmu. Azumi ne, zafi kamar a gasa mutum, garin kuma ya sake rikicewa, jirage masu saukar ungulu suna shawagi, sojoji sun datse hanyoyi. A can Amurka kulob ɗin Mista Harold yana na biyu a rukuninsu, sai gwiwar hannun majefinsu ɗaya ta tashi aiki. Suka sa ido kan wani gogaggen majefi ɗan shekara talatin da uku a wani kulob da ya riga ya fid da rai. Ni dai Dogo nake kiransa.

Cikin kwanakin ne wata safiya sojoji suka tsayar da ƙaramar bas ɗin da na shigo daga Ard al-Liwa. Wani ya leƙo ya ce kowa ya fito da katinsa. Ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni, wadda ko gaisawa ba mu yi ba, ta ga ban fito da komai ba. Sai ta ɗauki kwandon kayan miyanta ta aza mini a cinya, ta ce wa sojan, "Wannan tare muke, shi ke ɗaukar mini kaya. Ka bar mu mu wuce, ɗana, ina azumi." Ya ɗaga hannu, mota ta tashi. A tashar gaba ta karɓi kwandonta ta sauka, ko waiwaye ba ta yi ba.

Na isa Ma'adi ina karanta lambobi ina cakuɗa su. Mista Harold ya ce in dakata.

"Muryarka ba taka ba ce yau. Me ya faru?"

Ban yi niyya ba, amma sai ga shi na kwashe komai na faɗa masa, tun daga tasi har zuwa kwandon tsohuwa. Ya saurare ni har ƙarshe. Can ya ce, "Yau za ka koma ɗakin baya na gidan nan har gari ya lafa. Sauran kuma, bari mu gama wannan cinikin. Ka buɗe kunnenka da kyau."

Da la'asar ɗinmu ne safiyar Amurka, don haka da an yi sallar la'asar waya take fara ƙara. Babban manajan kulob, wani matashi mai saurin magana, shi ke kira, Mista Harold ya sa a lasifika don in riƙa rubuta abin da aka ce. A kiran farko manajan ya ce masu Dogo sun faɗi farashinsu: matasa uku mafi kyau da kulob ɗin ke da su, kuma na farko a jerin shi ne Rafael.

Na ga hannun Mista Harold ya damƙe hannun kujera. Na san sunan, don duk mako Rafael yakan kira shi. Mista Harold ne ya gano shi a wani tsibiri, yana ɗan shekara sha shida, yana jifa a filin da awaki ke kiwo. Ya ci abinci a gidansu, ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai kula da shi. Yanzu Rafael yana da ashirin da biyu, shekara shida ke nan yana ƙaramin kulob, yana yawo a bas daga gari zuwa gari a ƙasar da ba tasa ba, yana jiran ranar da za a kira shi sama, babban kulob.

"Farashin farko hauka ne, kowa ya sani," in ji Mista Harold. "Ka gode wa manajansu, ka ce za ka kira shi. Kada ka kira. Gobe ka tura mutanenmu biyu su je kallon majefin nan na kulob ɗin kudu, su zauna inda kyamara za ta gan su."

Da aka kashe waya na ce, "Wannan ba yaudara ba ce?"

"A'a. In wannan ya ƙi, wancan za mu ɗauka da gaske. Bai kai Dogo ba, amma zai yi. Kada ka taɓa yin barazanar da ba ka shirya cikawa ba."

Kwana huɗu ba wanda ya kira wani. A rana ta biyar jaridunsu suka cika da labarin wai kulob uku na rububin Dogo. Manajanmu ya kira a rikice. Mista Harold ya sa na karanto masa sunayen matasan kulob ukun nan ɗaya bayan ɗaya, da shekarunsu, da raunukan da suka taɓa ji. Na farko ba shi da matashin kirki ko ɗaya da zai bayar. Na biyu, akwai sharaɗi a kwantiragin Dogo cewa ba za a kai shi garin ba sai da yardarsa, kuma matarsa ba ta son wurin. Na uku ne kawai abokin takara.

"Su suka ba 'yan jarida labarin," ya ce. "Mai sayarwa da ya fara ihu, agogonsa yake kallo."

Dogo ya yi wasansa na ƙarshe kafin rufe kasuwa, muka kalla washegari. Sau uku ya sa na maimaita zagaye na shida. Na ce masa na ga kamar bayan kowace jifa Dogo yana girgiza yatsunsa. Ya ce in rubuta wa manaja cewa kada a sa hannu sai likitocinmu sun ga hoton gwiwar hannunsa da idonsu. Aka turo, likitoci suka ce tsohon tabo ne, zai kai Oktoba. Amma maganar ta rage musu ƙarfi.

Saura kwana biyu a rufe kasuwa, masu Dogo ne suka kira. Sun janye matasa biyu, sun yarda da wani ƙarami a madadinsu. Rafael kuwa, sun ce in ba shi ba ciniki.

"Harold," in ji manajan, "ba wanda ya san shi kamarka. In ka ce a'a, na fasa."

Ya ce a ba shi awa ɗaya. Ya lalubi bango ya fita baranda ya zauna, na bi shi. Ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba.

"Ba da shi za ka yi kamar rago? Ya bar uwarsa ya biyo ka. Ko tambayarsa ba za a yi ba?"

"Ba za a tambaye shi ba. Haka sana'ar take, kuma ban taɓa cewa tana da kyau ba." Ya shafa fuskarsa. "A wajenmu mutum biyar ne a gabansa, zai iya tsufa yana jira. A can ba su da kowa, wata mai zuwa zai hau babban fili. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce don shi kaɗai zan yi ba. Muna son kofin nan, ni ma ina son in ji an ɗaga shi kafin in mutu."

Ya ce in kira manaja. Ya amince, da sharaɗi ɗaya: shi zai faɗa wa Rafael da bakinsa, kafin 'yan jarida su ji. Na danna masa lambar. Da Sifaniyanci suka yi magana, ban ji ko kalma ba, amma na ji kukan namiji daga can nesa, na ga tsoho yana ta maimaita kalma ɗaya a hankali. Suna cikin haka aka kira magariba. Madam Nadiya ta fito da dabino da zoɓo mai sanyi ta ajiye. Mista Harold ba Musulmi ba ne, amma duk azumin nan ba ya cin komai a gabanmu sai mun sha ruwa. Ran nan ko dabinon bai taɓa ba.

Washegari da safe, ban ko buɗe kwamfuta ba ya ce, "Saura naka. Faɗa mini, ranar da ka kai rahoto cewa fasfonka ya ɓata, me zai zama a hannun mutumin nan?"

Na ce, "Ba zai yi masa amfani ba."

"Ya fi haka. Zai zama fasfon wani a cikin durowarsa, a garin da sojoji ke bincike ko'ina."

Ashe Madam Nadiya ta riga ta tambayi wani ɗan'uwanta lauya. Ya ce mai irin matsalata tara ake ci, ba ɗauri ba, kuma in na kai rahoto zan iya neman sabon fasfo, sai dai zai ɗauki watanni. Wata ashirin da biyu ina ɓuya daga abin da bai kai yadda aka zuzuta mini ba. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

"Kana da wata hanyar, ta gaske," in ji Mista Harold. "Ka ba shi rana. Ka nemi fiye da abin da kake so. Ka bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. In ka gama magana ka tashi, kuma kada ka kira."

Ranar Alhamis da hantsi muka je shagon, ni da Isufu. Ustaz Rabi'u ya tarye mu da fara'a. "A'a, Mansur! An zama mutanen Ma'adi, an manta da mu."

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ustaz, ranar Litinin da safe zan je in kai rahoton ɓatan fasfona. Lauya ya riga ya shirya takardun. Za su tambaye ni inda na gan shi na ƙarshe."

Fara'ar ta ɗauke. "Ni kake yi wa barazana? Ka san inda za ka kwana ranar?"

"Na sani, tara ce. Na shirya."

Ga azumi ga tsoro, amma na ci gaba. Na ce ba nawa kaɗai nake so ba, har da na sauran mutum biyu na ɗakinmu da ya riƙe. In fasfo uku suka zo kafin Litinin, ba rahoto, ba sunansa a ko'ina.

"Mutanen gida fa?" ya tambaya.

"Wannan ban yi maka alkawari ba."

Ya fara faɗa, yana cewa shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, shi ya samar mini wurin kwana, butulci ne kawai irin na 'yan zamani. Isufu ya taɓa kafaɗata ya ce, "Khalas, an gama, mu je." Muka fito.

Kwana ukun nan su ne mafi tsawo da na yi a Masar. Ranar Asabar na ɗauki waya sau uku zan kira shi in ce nawa kaɗai ma ya isa. Mista Harold ba ya gani, amma yana jin motsina. "Ajiye ta," yake cewa, ko juyowa ba ya yi.

Lahadi bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ustaz Rabi'u ne, muryarsa a sanyaye. Ya ce in aiko Isufu. Fasfo biyu ya bayar, nawa da na wani ɗan Zinder. Na ukun ya rantse ya daɗe da fita hannunsa, kuma har na bar ƙasar ba a gan shi ba, sai sabo mai shi ya nema. Isufu ya kawo mini nawa har Ma'adi, a naɗe cikin ƙyallen atamfa. Yana ta ƙamshin turare. Na buɗe na ga wani saurayi mai kumatu yana kallona, sai da na daɗe kafin na yarda ni ne.

Sauran abubuwa sun bi a hankali. Na yi ta jeka-ka-dawo a ofishin iƙama, masu ba baƙi izinin zama, na sha layi, na sha "bukra", amma wannan karon da fasfona a aljihu. Dogo ya ci wa kulob ɗinmu wasanni masu kyau, suka shiga zagayen ƙarshe, aka fitar da su tun a matakin farko, a Oktoba ya tattara ya koma wani wuri. Rafael ya hau babban fili a ƙarshen Agusta. Ni da Mista Harold muka saurari wasan tare, aka make masa ƙwallo har ta fita fili a jifarsa ta uku, sannan ya nutsu ya kai zagaye na shida. Bai sake kiran Mista Harold ba sai bayan wata biyar. Na ci gaba da aiki a gidan har na gama difloma a Larabci na dawo gida a 2015. Bayan shekara biyu Madam Nadiya ta rubuto mini cewa tsoho ya rasu, bai ji an ɗaga kofin ba.

A watan Nuwamba na 2013 ne na sami takardar shiga makarantar da na yi difloma ɗin, ta gaske, mai hatimi. Na zauna a barandar nan ta Ma'adi da ita a cinyata, na kira gida. Ba Juma'a ba ce, don haka Inna ta ɗauka a tsorace.

"Lafiya, Mansur?"

"Lafiya lau, Inna. Magana ce da ni, ki yi haƙuri ki ji ta har ƙarshe."

Na faɗa mata komai. Tukunyar gas, da fasfo, da ƙaryar duk Juma'a, da gonar da ta tafi a banza. Ba ta katse ni ba. Ina jin kukan awaki a bayanta, da muryar wani mai tallan kalanzir a waje. Da na gama sai ta yi ajiyar zuciya.

"Ai na sani."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Kai da tun kana firamare ba a taɓa yin jarrabawa ba ka cika mini kunne da ƙorafi ba, sai ga shi shekara biyu ba ka ambaci jarrabawa ko sau ɗaya ba. Ni na hana Kawunka tura yaronsa, tun kafin ka ce a dakata."

"To me ya sa ba ki tambaye ni ba, Inna?"

"In na tambaye ka, kunya za ta sa ka daina kira. Ni kuwa muryarka nake so." Sai ta tambaya, "Yanzu dai an ɗauke ka?"

"An ɗauke ni."

"To karanto mini takardar. A hankali, da Larabcin, ko ban gane ba ina so in ji."

Na share idona da hannun riga, na gyara murya, na fara daga bisimilla.